Idan Babbar Jijiyar Ciki Ta Kumbura, Yaya Ake Gyaranta?

 Yau maganar ɗinki za mu yi, amma irin wanda likita ke yi a cikin cikin mutum. Ciwon da za mu tattauna ya fi kama maza dattawa, watau mazajenmu da iyayenmu. Kada wata ta ce ina ruwanta, domin idan maigida ya kwanta ke ce mai jinya, ke ce mai raka shi asibiti, kuma sau da yawa da ke za a zauna a yi shawarar irin aikin da za a yi masa. Ku kuma 'yan makaranta ku karanta da kyau, watakila ku ne za ku bayyana wa Baba abin da likita ya rubuta a takarda.

Wace jijiya ce wannan?

A jikin kowane ɗan Adam akwai wata jijiyar jini wadda ta fi sauran duka girma. Daga zuciya take tasowa, ta lanƙwaso ta bi ta ƙirji, ta gangaro cikin ciki ta gaban ƙashin baya. Tana tafe tana ba da rassa zuwa hanta da hanji da ƙoda, har ta kai daidai cibiya, a nan ta rabu biyu, kowane reshe ya nufi ƙafa guda. Kaurinta ga babban mutum kimanin santimita 2 ne, watau kamar babban yatsan hannu.

Kin dai san yadda tsohon tiyon ban ruwa yake yi idan wani wuri a jikinsa ya yi laushi: ruwa na bi, wurin na kumbura kamar balan-balan. To, haka wannan jijiya take yi idan bangonta ya raunana saboda tsufa ko hayaƙin taba ko hawan jini. Idan faɗinta ya kai santimita 3 likitoci sukan ce ta kumbura, kuma sunan da suke kiran ciwon da shi aniyurizim. Yawanci a ƙasan rassan ƙoda yake fitowa, tsakaninsu da inda jijiyar ta rabu biyu.

Abin tsoro shi ne kumburin ba ya komawa, sai dai ya riƙa ƙaruwa kaɗan kaɗan shekara da shekaru. Yana ƙaruwa bango na ƙara siranta, har wata rana ya fashe, jini ya zube a cikin ciki. Cikin mutum 10 da wannan ya faru gare su, wajen 8 ba su rayuwa, da yawa ma kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Amma idan aka gano shi tun bai fashe ba, aka yi aikin a natse, mafi yawan marasa lafiya sukan tashi su koma harkokinsu.

Su wa ya fi kamawa?

Ya fi kama namiji wanda ya haura shekara 65, musamman mai shan taba ko wanda ya taɓa sha ko da ya bari. Taba ita ce babbar abokiyar wannan ciwo. Sai kuma hawan jini, da taruwar kitse a jijiyoyi, da gado. Idan an same shi ga mutum, ya kamata 'yan'uwansa ciki ɗaya da 'ya'yansa su ma su je a duba su idan sun manyanta.

Mu ma mata yana kama mu, ko da yake bai kai na maza yawa ba. Sai dai namu ya fi saurin fashewa tun bai yi girma sosai ba, domin jijiyarmu dama ta fi ta maza ƙanƙanta.

Yawancin masu ciwon ba su jin komai. Mutum yana cin tuwonsa, yana zuwa kasuwa, bai san abin da ke cikinsa ba. Waɗansu kuwa sukan ji wani abu yana bugawa kusa da cibiya kamar wata zuciya ta biyu, ko ciwon ciki ko na baya mai naci wanda ba ya jin magani. Ke da kike shafa wa maigida man zafi, watakila hannunki ne zai fara jin wannan bugu. Kada hankalinki ya tashi nan take, domin siririn mutum idan ya kwanta rigingine akan iya jin bugun jijiyarsa alhali lafiyarta lau. Amma ku je a duba. Kafin nan kada a danna wurin, kada a yi tausa, kada a gasa da ruwan zafi, kuma kada a kuskura a kira wanzami ya yi ƙaho ko sakiya. Abin da ke ƙarƙashin fatar nan jini ne mai gudu da ƙarfi.

Hanyar ganowa kuwa kin san ta sarai. Hoton nan ne da ake yi mana lokacin da muke da juna biyu, wanda ake shafa wani abu mai yauƙi a ciki a goga na'ura. Babu allura, babu zafi, cikin minti goma zuwa goma sha biyar an gama. A Ingila hukumar lafiya tana gayyatar kowane namiji ya yi wannan hoto a shekarar da ya cika 65. A Amurka kuma ana ba maza 'yan shekara 65 zuwa 75 da suka taɓa shan taba shawarar su yi shi sau ɗaya.

Ba kowane kumburi ake yi wa aiki ba

Wata za ta ce, to, tun da an gani me ake jira? Dalili shi ne aikin kansa yana da nasa haɗarin, ƙaramin kumburi kuwa da wuya yake fashewa. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya, wanda aka bayyana sakamakonsa a 1998, ya nuna cewa gaggauta yi wa ƙaramin kumburi tiyata bai ƙara wa marasa lafiya tsawon rai ba bisa ga waɗanda aka sa wa ido kawai.

Saboda haka likita yakan auna, ya ba da ranar dawowa. A tsarin Ingila, daga santimita 3 zuwa 4.4 ana sake hoto shekara shekara, daga 4.5 zuwa 5.4 kuma kowane wata uku. Ana fara maganar aiki idan kumburin ya kai santimita 5.5 ga namiji, watau kusan faɗin ƙaramin gwangwanin tumatir ɗin nan na miya, ko kimanin santimita 5 ga mace. Haka kuma idan yana girma da sauri, kamar santimita guda cikin shekara, ko ya fara ciwo.

A wannan lokaci na jira ne aikinki yake da yawa. Babu wani ƙwayar magani ko jiƙo da aka tabbatar yana saɓe kumburin. Abin da ke rage saurin girmansa shi ne barin taba kwata-kwata. Ki lallashe shi da hikima irin tamu ta mata, ki tuna masa da maganin hawan jini da na rage kitse idan likita ya rubuta, ki rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miya, ki kuma rubuta ranar komawa asibiti a inda ba za a manta ba.

Aiki na farko: a buɗe ciki a yi ɗinki

Wannan shi ne tsohon aiki, kuma har yanzu ana yinsa. Za a sa majiyyaci barci, likita ya tsaga ciki tun daga ƙahon zuci har ƙasan cibiya, ko kuma ta gefe. Sai ya kawar da hanji, ya matse jijiyar ta sama da ta ƙasan kumburin da wani ƙarfe mai kamar awartaki domin jini ya tsaya. Sa'an nan ya tsaga kumburin, ya kwashe gudajin jinin da suka taru a ciki, ya ɗauko wani bututu na yadi mai ƙarfi ya ɗinka bakinsa na sama da na ƙasa a jikin lafiyayyar jijiya. Idan ciwon ya kai ga rassan ƙafa, sai a sa bututu mai ƙafa biyu kamar wando. Daga nan a saki jini ya bi sabuwar hanya, a lulluɓe bututun da tsohon bangon jijiyar, a rufe ciki.

Aikin yakan ci sa'o'i uku zuwa huɗu ko fiye, kuma ana iya bukatar ƙarin jini. Majiyyaci yakan fara kwana a ɗakin kulawa ta musamman, ya yi kamar mako guda zuwa kwana goma a asibiti, sa'an nan wata biyu ko uku kafin ƙarfinsa ya dawo sosai. Aiki ne mai nauyi ga zuciya da huhu da ƙoda, shi ya sa ake gwada lafiyarsu tukuna. Amfaninsa kuwa shi ne ƙarko. Idan ɗinkin ya kama, galibi ya kama ke nan har ƙarshen rayuwa, ba a yawan komawa kansa.

Bari in ba ku tarihinsa a taƙaice, domin akwai hannun mata a ciki. 'Yan makaranta sun san Albert Einstein, shahararren masanin kimiyyar nan. A 1948 aka gano yana da wannan ciwo, a lokacin kuwa babu wanda ya iya canja jijiyar, sai likitansa Rudolph Nissen ya naɗe kumburin da wata takarda mai kamar leda domin bangon ya yi kauri. Ya ƙara shekara shida da 'yan watanni a duniya. A watan Afrilu na 1955 kumburin ya fashe, ya ƙi yarda a sake yi masa aiki, ya mutu yana da shekara 76.

Tsakanin waɗannan shekaru ne, a 1951, wani likita a birnin Faris mai suna Charles Dubost ya fara cire kumburin ya maye gurbinsa da jijiyar wani mamaci. To, amma ina za a riƙa samun jijiyar mamaci kullum? Sai likitoci suka shiga gwada yadi. Ɗaya daga cikinsu shi ne Michael DeBakey na birnin Houston a Amurka, wanda iyayensa 'yan asalin Labanan ne, kuma mahaifiyarsa ce ta koya masa ɗinki tun yana yaro. Ya shiga kanti ya sayi yadin da ake kira Dacron, ya koma gida ya zauna a kan keken ɗinkin matarsa ya ɗinka bututun da hannunsa. Irin wannan yadi ne ake amfani da shi har yau. Don haka uwar da ke koya wa ɗanta namiji riƙon allura, kada ta bari a yi mata dariya.

Aiki na biyu: a yi wa jijiyar shafi ta ciki

Kin san riga mai shafi, wadda ake sa wa wani yadi ta ciki domin ta yi ƙwari. To, haka wannan sabon aiki yake, kuma likitoci suna taƙaita sunansa da EVAR. Wani likita ɗan ƙasar Ajantina, Juan Parodi, ya yi shi a birnin Buenos Aires a 1990, daga nan ya bazu, har ya zama shi aka fi yi a Amurka da ƙasashen Turai da dama.

A nan ba a tsaga ciki. Likita zai ɗan yanka ko ya huda gindin cinya, daidai inda kaluluwa take fitowa, dama da hagu, domin akwai jijiyar ƙafa a kusa da fata a wurin. Ta nan zai zura siririyar waya ta hau har cikin kumburin, yana kallon tafiyarta a allon hoto. Sai ya tura bututun yadi wanda aka ɗinka a jikin wata raga ta ƙarfe, an naɗe shi siriri kamar rufaffiyar laima. Idan ya kai wurin da ake so sai a sake shi ya buɗe, ya manne a bangon jijiya ta sama da ta ƙasan kumburin. Jini sai ya riƙa bi ta cikin bututun, kumburin ya huta da bugu, sau da yawa ma ya riƙa motsewa a hankali.

Wani lokaci ba sai an sa mutum barci gaba ɗaya ba, kashe rabin jiki ko wurin kawai ya isa. Jinin da ake zubarwa kaɗan ne, kwana biyu ko uku an sallame shi, cikin 'yan makonni ya koma harkarsa. Ga tsoho mai raunin zuciya ko huhu wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Amma fa yana da nasa sharuɗɗan. Na farko, ba kowa jijiyarsa ta dace da shi ba. Tilas a samu lafiyayyen wuri a ƙasan rassan ƙoda inda bututun zai kama, kuma jijiyoyin ƙafa su kasance da faɗin da kayan aiki za su wuce. Babban hoton nan da ake kira siti sikan shi ke nuna haka. Mata da yawa ba su samun shiga saboda ƙanƙantar jijiyoyinsu. Akwai wani bututu na musamman mai tagogi da ake yi wa waɗanda kumburinsu ya matso ƙoda, sai dai ya fi tsada kuma ba ko'ina ake sa shi ba. Na biyu, ruwan da ake ɗurawa a jini domin hoto ya fito yakan wahalar da ƙoda mai rauni. Na uku, wanda shi ne babba, bututun ba ɗinke yake da jijiya ba, manne yake, saboda haka yana iya gocewa ko jini ya riƙa yoyo ta gefensa ya koma cikin kumburin. Mai shi ba zai ji komai ba, hoto ne kaɗai ke nunawa. Wanda aka yi wa wannan aiki zai riƙa komawa hoto, galibi shekara shekara, muddin ransa, kuma waɗansu sai an sake yi musu gyara.

To, wanne ya fi?

An gwada su biyun a Birtaniya a kan marasa lafiya fiye da dubu, aka bayyana sakamakon farko a 2004. Cikin kwana 30 da aiki, kimanin mutum 2 cikin 100 suka mutu a ɓangaren aikin cinya, kimanin 5 cikin 100 kuma a ɓangaren buɗe ciki. Da aka ci gaba da bin su, bayan 'yan shekaru sai bambancin ya ɓace. A rahoton 2016 kuwa an ga cewa bayan shekara takwas mutuwa ta ɗan fi yawa ga waɗanda aka yi wa ta cinya, yawanci saboda tsohon kumburin ya fashe daga baya. Kayan aiki sun inganta tun daga lokacin, amma darasin yana nan. Aikin cinya ya fi sauƙi a farko, na buɗe ciki ya fi daɗewa.

Saboda haka likita yakan duba shekarun mutum da ƙarfin jikinsa da surar jijiyarsa. Mai sauran ƙarfi da ake sa ran zai daɗe, ana iya ba shi shawarar buɗe ciki. Tsoho mai rauni kuwa aikin cinya ya fi masa. Akwai kuma wanda jikinsa ba zai ɗauki ko ɗaya ba, sai likita ya ce a bar shi da magani, wannan ma shawara ce ta ilimi.

Akwai abin da likita ba zai sani ba sai kin faɗa masa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ke kika san nisan garinku da babban asibiti, kika san halin aljihun gidan, kika kuma san ko maigida mutum ne mai komawa asibiti bayan ya ji sauƙi. Idan za a yi masa aikin cinya a wani gari mai nisa ko wata ƙasa, sa'an nan a dawo gida babu mai sake duba shi, to, an bar baya da ƙura. Ku faɗi gaskiyar halinku tun kafin a yanke shawara.

Matambayi ba ya ɓata. Ranar ganin likita ki tafi da takarda, ki tambaye shi cikin ladabi: Likita, santimita nawa ne kumburin yanzu? Mene ne haɗarin jira, mene ne na aikin? Jijiyarsa ta dace da aiki biyun ko ɗaya kawai? Kuna yawan yin irin wannan aiki a nan? Nawa ne kuɗin aikin duka, har da hotunan da za su biyo baya? A ina za mu riƙa yin hoton? Mutum nawa za mu kawo su ba da jini? Shi ma maigida ya tambaya a keɓe game da lafiyarsa ta iyali, domin aikin, musamman na buɗe ciki, yakan taɓa wannan ɓangare ga waɗansu maza.

Bayan an dawo gida

Kada ki bar shi kwance wuni guda saboda tausayi. Ya riƙa takawa a tsakar gida, kullum yana ƙarawa. Wanda aka buɗe wa ciki kada ya ɗauki abu mai nauyi har wajen mako shida, kada kuma ya hau babur ko ya tuƙa mota sai likita ya yarda, domin ɗinkin ciki yana iya saki ya zama ƙaba. Cin abincinsa zai ragu na ɗan lokaci, sai ki riƙa ba shi kaɗan kaɗan sau da yawa, da ganye irin su zogale da alayyafo, da gwanda da lemo, don kada cikinsa ya ƙulle. Masu zuwa dubiya kuma a roƙe su su taƙaita zama.

Ki koma da shi asibiti ba tare da jinkiri ba idan ya yi zazzaɓi, ko wurin ɗinki ya yi ja yana ruwa, ko ƙafa ta yi sanyi tana ciwo, ko fitsarinsa ya ragu ƙwarai, ko ya ga jini a bayan gida, ko ciwon ciki ko na baya ya taso masa sabo.

Ranar gaggawa

Wannan ki riƙe shi da kyau, ki kuma koya wa yaran gida. Idan dattijo ya ji ciwo mai tsanani farat ɗaya a ciki ko a baya, wani lokaci yana sauka har mara, ga gumi mai sanyi, ga jiri ko suma, to, kada a tsaya neman jiƙo ko jiran gari ya waye. A kwantar da shi, kada a ba shi abinci ko abin sha, a nemi mota a nufi babban asibiti inda ake tiyata. Da isarku ki gaya wa ma'aikata cewa yana da kumburin babbar jijiyar ciki, ki miƙa musu takardun hotonsa, domin ciwon yana kama da na tsakuwar ƙoda, ana iya ɓata lokaci wajen bincike. Saboda irin wannan rana, ki ajiye takardun asibitinsa wuri guda inda kowa ya sani.

A ƙarshe 'yan'uwa, idan akwai dattijo a gidanku da ya haura 65 kuma ya taɓa shan taba, ki samu lokacin da ransa ke sanyi ki ce masa, "Maigida, ko za ka je a yi maka hoton cikin nan, hankalinmu ya kwanta?" Ke kuma 'yar makaranta ki karanta wa Baba wannan shafi bayan sallar isha'i. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara mana lafiya da zama lafiya a gidajenmu. Sai mun sake saduwa.